Wa ya ƙirga giwayen? Fashin baƙi kan yadda ake sanin yawan abin da ke daji

Rannan da yamma muna zaune wajen mai shayi a nan Garwa, rediyo na ta magana kan gandun dajin Zakuma na Chadi, wai giwayen wurin sun faɗo daga wajen 4,000 a 2002 zuwa kamar 450 a 2010 saboda masu neman haure. Sai wani Alhaji mai sayar da hatsi da muke zama tare ya ajiye kofinsa yace, "Malam, kai da kake koya wa yara irin wannan karatu a lise, don Allah wa ya ƙirga su? Giwa tsayawa take a rubuta mata lamba kamar buhu?" Kowa ya sa dariya. Nace Alhaji, in aka sauke maka masara buhu ɗari kana zazzage kowanne ka duba ƙwaya ƙwaya? Yace haba, ƙarfe nake sokawa in ɗebo. Nace a bakin buhun kake sokawa? Yace wa zai soka a baki, ai nan mai ha'inci yake zuba mai kyau, tsakiya da gindi nake nema, kuma ba na bari mai kayan ya zaɓa min buhun da zan soka. Nace toh Alhaji ka gama karatun da nake kwashe wata guda ina fama da yara a kai.

Amma kafin ƙirgen, bari mu fara da gidan da ake ƙirgen a cikinsa.

Abin da ake kira ekoloji wani Bajamushe ne mai suna Ernst Haeckel ya raɗa masa suna a 1866, ya ɗauko daga kalmar Girka da take nufin gida. Kuma wallahi sunan ya dace, don in ka duba karatun gaba ɗaya tambayoyin mai gida ne: su waye a gidan, wa ke cin me, wa ke takura wa wa, in ɗaya ya fita me zai sami sauran. Maraya guda ɗaya da ka hango a gandun dajin Waza na arewacin Kamaru ita kaɗai ce. Duk marayun da ke wannan daji suna haihuwa a tsakaninsu, su ne jama'ar iri guda, abin da yara ke rubutawa popilasiyon a kaye ɗinsu. In ka haɗa su da gwanki da raƙumin dawa da zaki da ciyawa da dushe da ƙudaje, ka sami al'ummar wurin. In ka ƙara da abubuwan da ba su da rai amma su ke juya komai, wato ruwa, laka, zafin rana, iskar hunturu, har da wutar daji, shine ekosistem, kalmar da wani ɗan Ingila Arthur Tansley ya fito da ita a 1935. Ba dole sai babban daji ba, kududdufin bayan gidanku da kwaɗi da sauro da gansakuka shi ma ekosistem ne cikakke.

Akwai abu biyu da yara suke yawan cakuɗawa, mazauni da sana'a. Mazauni shine inda abu yake zaune, sana'a kuma yadda yake cin abinci a wurin. Dubi balbela da carki, duk a jikin garken shanu zaka same su, unguwarsu ɗaya, amma balbela tana ƙasa tana cafke fara da ƙwarin da ƙafar saniya ta tayar, shi kuma carki yana kan gadon baya yana cire kaska, in ya sami gyambo ma ya tsaya yana tsattsaga. Shi yasa ba sa faɗa. Da a ce sana'arsu ɗaya ce sak a wuri ɗaya da tuni ɗaya ya kori ɗaya, kamar masu shayi biyu a ƙofar tasha guda.

Sai maganar ci. Tsiro ne kaɗai ke haɗa abincinsa daga hasken rana da ruwa da iska, duk sauran cima-zaune ne a kansa. Kuma duk hawa ɗaya da abinci zai yi daga mai ci zuwa mai cinsa, kusan kashi goma cikin ɗari ne kawai na ƙarfin yake wucewa, sauran ya tafi a numfashi da yawo da zafin jiki da kashi. Kaga in ciyawa ta tara 1,000, maraya ta sami 100, zaki 10. Wannan ɗan lissafin shi ke gaya maka dalilin da yasa har abada zakuna ba za su kai yawan abin da suke ci ba, da kuma dalilin da yasa in daji ya fara lalacewa su ne kan gaba wajen ƙarewa. Su gara da buzuzu da ungulu ba a cika tuna su ba, alhali su ke mayar da gawa da kashi da busasshen itace cikin ƙasa. Tsakanin masu rai kuma akwai zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, kamar gawo da ƙwayoyin da ke saiwarsa suna tara masa taki daga iska, shi yasa manomi ba ya sare shi, ga shi ya zubar da ganye da damina ya bar wa dawa rana. Akwai kuma zaman ci-da-ƙarfi, wuta-wuta a saiwar dawa, kauci a reshen itace.

Wanda yake son ya ga yadda abu marar rai guda ɗaya yake riƙe da komai, ya dubi yaere, wannan fadamar da kogin Logon ke malalawa cikinta duk shekara ta gefen Waza. A 1979 aka gina dam ɗin Maga da ganuwar bakin kogi don noman shinkafa na kamfanin gwamnati SEMRY, ga kuma fari na shekarun nan ya zo ya haɗu da shi, ruwan da ke shiga fadamar ya ragu sosai. Babu wanda ya ɗauki bindiga ya harbi maraya a wannan lissafin, amma ciyayi masu daɗewa irin su burgu, waɗanda ke tohowa kore da rani, suka ja baya, masu shekara ɗaya da ke bushewa da wuri suka maye gurbinsu, kifi ya rasa inda zai yi ƙwai, makiyaya suka canza hanya, maraya ta ragu ƙwarai. A 1994 aka sake buɗe wata ƙorama don ruwa ya koma wani ɓangare, a hankali ciyawar da ta gudu ta fara dawowa, tsuntsayen ruwa da shanu suka biyo. Toh tambayar Alhaji tana nan: ta yaya aka san ta ragu, ta yaya aka san ta dawo? Saboda akwai mutanen da suka riƙa komawa wurare guda shekara bayan shekara suna awo iri ɗaya suna rubutawa.

Hausawa sunce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwa na yarda, a daji kam ido babban maƙaryaci ne, kuma kusan duk dabarun da zan kawo an ƙirƙiro su ne don a ƙwace zaɓi daga hannun ido.

Mu fara da abin da ba ya gudu. Ana haɗa firam mai kusurwa huɗu, mita ɗaya kowane gefe, ana ce masa kwadira, mu da kara huɗu da igiya muke yin namu ko guntayen tiyo na roba. Ka ajiye a ƙasa, ka ƙirga abin da ke ciki, ka ɗaga ka kai wani wuri. A ce gonar dawa ce hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000, ka ajiye sau 20 ka sami wuta-wuta 60 gaba ɗaya, kenan 3 a kowace mita, gonar tana ɗauke da kimanin 30,000. Lissafin ɗan firamare ne. Wahalar tana wajen inda zaka ajiye. Na sha fita da yara bayan gari ince kowa ya ajiye inda ya ga dama, wallahi sai kaga rabinsu sun nufi inda furen ya yi ja ya cika don su sami abin rubutawa, sauran kuma sun kauce wa ƙarangiya da ƙaya saboda silifas ne a ƙafarsu, sai aji ɗaya gona ɗaya a dawo da amsa biyu da ko kusa da juna ba su yi ba. Har jifa ta bayan kai da wasu littattafai ke cewa a yi bai gamsar da ni ba, don yaro ya riga ya zaɓi inda zai tsaya kafin ya jefa. Abin da muke yi yanzu, mu shimfiɗa igiya biyu masu alama a gefe biyu na filin, mu rubuta lambobi a guntayen takarda mu zuba a hula, a zaro biyu, ɗaya taku nawa gabas ɗaya taku nawa arewa, inda suka haɗu nan kwadira zai sauka ko kan suri ne ko cikin ƙaya ko wurin da babu ko tsinke. Sifili ma amsa ce, kuma ita yara suka fi ƙin rubutawa.

Wasu ƙananan dokoki da suke da muhimmanci fiye da yadda suke kama. Tsiron da ya faɗo kan layin firam a yanke shawara tun kafin a fara, misali na gefen arewa da gabas a ƙirga, na kudu da yamma a bari. Ciyawa mai yaɗo kamar kiri-kiri ba ka san inda ɗaya ta ƙare wata ta fara ba, sai dai ka kimanta kashi nawa cikin ɗari na firam ɗin ta rufe. Kuma bayan yawa akwai yaɗuwa: in a cikin firam 20 ɗin nan guda 8 ne kawai suke da wuta-wuta, kashi 40 kenan, ma'ana ta taru ne a wasu wurare, wanda wannan labari ne daban ga manomi. Sau nawa za a ajiye? Ka riƙa fitar da matsakaici kana tafiya, da farko zai ta tsalle sama da ƙasa, in ya fara zama wuri ɗaya ko ka ƙara biyar bai motsa sosai ba, ka kusa isa. Itatuwa kuma firam ɗin mita ɗaya wasa ne, fili ake aunawa na mita gomomi a ƙirga aduwa da bagaruwa da ke ciki a auna kaurinsu. In filin rabi fadama ne rabi harde, wannan ƙeƙasasshiyar ƙasar da ruwa ba ya shiga, sai a raba kowanne a ba shi rabonsa gwargwadon girmansa.

Wani lokaci ba yawan kake nema ba, canji kake so ka gani. Nan sai igiya doguwa, taransek. Ka ɗaura daga bakin ruwan Binuwai ka ja ta zuwa tudu, duk mita biyar ka tsaya ka rubuta abin da ya taɓa igiyar ko ka ajiye kwadira a gefenta, zaka ga da idonka yadda ciyawar ruwa ke miƙa wa ta laka, ta laka ta miƙa wa su gamba da sabara. Haka in ka ja ta daga bakin rijiyar da shanu ke sha zuwa cikin daji, kusa da rijiya ƙasa tsirara da tumfafiya, can nesa ciyawar kirki.

Yanzu ga giwayen Alhaji. Dabba babba a fili mai faɗi da ƙaramin jirgin sama ake bi, yana tafiya ƙasa ƙasa wajen mita 90 daga doron ƙasa a kan layuka miƙaƙƙu da aka zana tun a taswira, an ɗaura sanduna biyu a jikin ƙarfen fiffike, mai ƙirge na dama da na hagu ba sa ƙirga komai sai abin da ya faɗo tsakanin sandunan nan. Igiyar nan ce dai aka kai sama. In layukan sun rufe kashi ɗaya cikin biyar na dajin sai a ninka abin da aka gani sau biyar. Da rani ake yi, ganye ya zube, kuma da sassafe kafin dabbobi su shige inuwa. Amma a nan akwai tarko, kuma Zakuma ce misalinsa. Saboda tsananin harbi a wancan lokacin giwayen wurin sun haɗe sun zama kusan garke ɗaya babba. Toh in layinka ya bi ta kansu ka ninka sau biyar ka ƙirƙiro giwayen da babu, in ya kauce musu kace sun ƙare. Abin da ya taru wuri ɗaya haka ba a yi masa ɗebe, sai a nemo garken a ɗauki hotuna daga sama a zauna a ƙirga kai da kai. Don haka amsar ita ce eh, waɗannan kam ƙirga su aka yi kusan ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma lokaci: giwayen Waza ba sa zama cikin iyakar da aka shata musu, da damina wasu kan gangara kudu wajen Mindif da Kaele su shiga gonaki, wanda ya ƙirga a watan Maris da wanda ya ƙirga a Satumba in suka yi gardama duk ɓata baki suke.

A ƙasa kuma tafiya ake a kan layi, duk dabbar da aka hango a rubuta nisanta daga layin, saboda an san ta kusa ba ta kuɓuta amma ta nesa da yawa ido zai tsallake, da waɗannan nisan ake lissafa waɗanda aka rasa. Irin wannan aiki ake koya wa ɗalibai a makarantar namun daji ta nan Garwa, wadda aka buɗe a 1970 kuma ƙasashen Afirka masu Faransanci da dama suke turo ma'aikatan gandun dajinsu. A kurmin kudu inda ba ka ganin giwa ko tana gabanka, kashinta ake ƙirgawa, amma sai an san sau nawa take yi a rana da kwana nawa yake yi kafin ya ruɓe. Masu yawon dare kuma kamara ake ɗaure musu a jikin itace. Raƙumin dawa zanen jikinsa ba ya zama ɗaya da na wani, zaki kuma ɗigon da ke gindin gashin bakinsa, da su ake gane wanda aka riga aka gani.

Dabarar da tafi burge ni ita ce kama, sa alama, saki, sake kamawa. Wani ɗan Denmark mai suna Petersen ya yi ta da kifi a 1896, Lincoln a Amurka ya yi da agwagin daji a 1930. A ce tafki ne, ka kama tarwaɗa 50 ka sa musu alama ka mayar, bayan kwana biyu ka sake jefa taru ka kama 40, cikinsu 10 masu alama. Kashi ɗaya cikin huɗu kenan na kamun biyu ke da alama, toh 50 ɗin nan ma kashi ɗaya cikin huɗu ne na duk tafkin, kifi 200. Ka ninka kamun farko da na biyu ka raba da masu alamar da suka dawo. A aji da wake nake yi, tasa guda, a ɗebo hannu a shafa musu biro a mayar a girgiza a sake ɗebowa, sannan a zazzage a ƙirga gaskiyar, yara suna ihu in lissafin ya zo kusa. Sai dai wake ba ya mutuwa, ba ya haihuwa, ba ya ƙaura, ba ya koyon gudun taru. In ka shafa wa fara jan fenti tsuntsu ya fi ganinta ya cinye, maimakon 10 sai 5 su dawo, lissafinka ya ce 400 alhali ba abin da ya ƙaru. Ɓera kuma akasin haka, in ya gane akwai gyaɗa a tarko kullum shi zai dawo, sai kace ɓerayen kaɗan ne.

Ƙananan halittu kowanne da tarkonsa. Masu rarrafe a binne musu gwangwani bakinsa daidai da ƙasa a bar shi ya kwana, na cikin ciyawa a share su da ragar hannu adadin shara iri ɗaya kowane wuri, masu tashin dare fitila da farin zane. Tsando mai sa wa shanu sammore a tudun Adamawa da tarkon ƙyalle shuɗi da baƙi ake kama shi don launin yana jansa. Sauro a shimfiɗa farin zane a ɗaki da asuba a fesa magani a tsince waɗanda suka faɗo. Duk waɗannan ba sa gaya maka jimilla, abin da suke gaya maka shine nan ya fi can, ko bana ta fi bara, shi ma in tarko iri ɗaya ne, kwana ɗaya ne, lokaci ɗaya ne. Gwangwanin nan ma mai yawan yawo yake kamawa, mai zama wuri ɗaya ko ya fi yawa ba zai faɗa ba.

Kifi haka yake, kuma nan ne mutanenmu suka fi ruɗuwa. Mutum ya shiga kasuwa a Kusiri ko Injamena ya ga banda tuli yace kifi na nan. Ba tulin ake dubawa ba, kamun kwale-kwale ɗaya a dare ɗaya da raga iri ɗaya ake dubawa, don in masunta sun ninka, idon raga ya ƙanƙance har wasu na jan gidan sauro, tulin zai iya zama yadda yake alhali ruwan yana ƙarewa. Sannan a duba wane iri ne da girmansa. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, da fari ya shanye mafi yawansa a shekarun 1970 da 1980 kifi bai ƙare ba, iri ne ya canza, masu son buɗaɗɗen ruwa irin salanga suka ja baya, masu jure laka da ƙarancin iska irin tarwaɗa da karfasa suka cika wurin. Wanda kilo kawai yake aunawa ba zai ga wannan ba.

Da na kai nan shayi ya huce, Alhaji yace toh naji na giwa da kifi, jan baki fa, waɗannan da suke rufe rana in sun taso kan masakwa? Nace su ma ba a sama ake ƙirga su ba, inda suka yi sheƙa ake zuwa, a auna faɗin wurin, a zaɓi itatuwa da ƙuri'a a ƙirga sheƙar kowanne, a ninka da yawan itatuwan, kowace sheƙa uwa da uba. Yace shi dai nasa lissafin ya fi sauƙi, shekarar da suka sauka a karal, wato filin lakar da ake noman masakwa, buhun da yake saye a Marwa tsada yake, kuma a Injamena ya ci su soyayyu da yaji ya rama kaɗan.